A Auna Ruwa Kafin a Zuba Gishiri a Masbah

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarku domin in yi magana a kan wata sana'a da 'yan uwanmu Hausawa da dama suke cin abinci da ita a nan Saudiyya, wato kula da wurin ninƙaya, wanda kowa a nan yake kira masbah. Na haura shekara goma sha biyar ina wannan aiki a gidaje da istirahohi, wato gidajen shaƙatawa da iyalai ke kamawa haya, da ke arewacin Jidda, wajejen Abhur, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lokacin buɗe wuraren ya zo. Sanyi ya ja da baya, watan Maris ya kama, kuma a 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa ne tsakanin Maris da Afrilu, saboda haka duk mai istirahar haya yana so a ce wurinsa ya gyaru kafin iyalai su fara neman inda za su kai yara. A cikin wannan gaggawar ne ake yin kuskuren da nake so in ja hankali a kansa, musamman a masbah mai ruwan gishiri.

Akwai wata fahimta da ta bazu tsakanin masu gidaje da ma'aikata baki ɗaya, cewa masbah mai gishiri ba shi da kulorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kuma gishirin da kansa ne yake tsabtace ruwan, don haka idan ruwa ya lalace sai a ƙara buhu. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Gishirin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, wajen giram 3 a kowace lita, alhali Bahar Maliya da muke gani a gabanmu tana ɗauke da kusan giram 40 a lita, hawayen mutum ma yana da wajen giram 9, shi ya sa ruwan ba ya yi wa mai ninƙaya zafi a ido. Wannan ɗan gishiri ba ya hana gansakuka fitowa, ba ya kuma kashe ƙwayoyin cuta. Aikinsa shi ne ya bi ta cikin wani bututu mai ɗauke da farantan titaniyam, wanda Larabawa ke kira haliyya, inda wutar lantarki take raba shi ta fitar da kulorin, kulorin ɗin ya yi aikinsa a cikin ruwa, sannan mafi yawansa ya sake komawa gishiri. Ke nan masbah mai gishiri masbah ne mai kulorin kamar kowane, bambancin kawai shi ne a gida ake haɗa kulorin ɗin maimakon a sayo shi a jarka. Idan an kashe famfo tun watan Disamba domin tsimin kuɗin wuta, to tun ranar ba a sake samun ko ɗigon kulorin a cikin ruwan ba, ko da gishirin yana nan cif.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona a bara. Wani matashi ɗan garinmu, wanda bai daɗe da kama aiki a wata istiraha ba, ya kira ni ranar Laraba da yamma muryarsa tana rawa, ya ce, "Kawu, don Allah ka zo ka duba mini, injin nan ya ƙi tashi, kuma gobe baƙi za su shigo." Da na isa na tarar da ruwan ya yi kore shar, gefen bangon yana santsi kamar an shafa karkashi, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a kusurwar matakala, ga buhunan gishiri shida babu komai a ciki an jingine su a jikin katanga. Na ce masa, "Ɗana, wa ya ce ka zuba waɗannan?" Ya nuna mini jar fitilar da ke jikin injin haɗa kulorin, wadda ke nuna ƙarancin gishiri, ya ce mai wurin ya umarce shi ta waya da ya yi ta zubawa har fitilar ta mutu. Na kwance haliyyar na ɗaga ta a hasken rana, sai ga farantan sun cushe da farin ɓawo kamar cikin tsohuwar butar shayi. Injin ba ya ɗanɗana ruwa, yana lissafa gishiri ne daga yadda wuta ke ratsa farantan, saboda haka idan ɓawo ya rufe su sai ya ce gishiri ya yi kaɗan ko da ya yi yawa. Masbah ɗin mai faɗin mita 4 ne da tsawon mita 10, yana cin lita 50,000, kuma buhu shida masu kilo 25 sun ƙara masa giram 3 a kowace lita a kan wanda yake da shi. Da na auna sai na samu ya kai giram 6. Gishiri kuwa ba ya fita daga ruwa da wani magani, dole sai da aka zubar da kusan rabin ruwan aka kira motar wayit, wato tankar ruwa, ta cika, kuma daga albashin yaron nan aka cire kuɗin, duk da cewa umarni ya bi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa awo ya zo gaba da komai. Rana tana shanye ruwa amma ba ta ɗaukar gishiri, don haka masbah ɗin da ya ragu da taƙi ɗaya a lokacin sanyi gishirinsa yana nan, ya ma ƙara kauri. Inda gishiri ke raguwa shi ne idan an wanke matatar yashi an zubar da ruwan, ko akwai yoyo, ko kuma ruwan sama ya cika wurin ya tumbatsa, abin da kan faru a Jidda tsakanin Nuwamba da Janairu. Ga kuma ruwan da ake ƙarawa, wanda ba iri ɗaya ba ne: wanda ke zuwa daga matatun da ke cire gishiri daga ruwan teku irin na Shu'aiba yana da sauƙi, amma na wasu rijiyoyin da wayit ke ɗebowa yana zuwa da nasa gishirin da kalsiyam mai yawa, kuma shi ne ke hanzarta taruwar farin ɓawon nan. Babu wanda zai iya sanin halin da ruwa ke ciki da kallo ko da ɗanɗano. Ana sayar da ɗan ma'aunin gishiri mai batir da takardun gwaji a shagunan kayan masbah, kuma kuɗinsu bai kai na wayit ɗaya ba. Idan awo ya nuna giram 2.5 alhali injin yana son 3.2, to masbah mai lita 50,000 kilo 35 kacal yake bukata, wato buhu ɗaya da ɗan ƙari. Kowane inji yana da adadin da masu ƙera shi suka rubuta, galibi tsakanin 2.7 da 3.4, amma wasu suna son fiye da haka, saboda haka a duba takardarsa.

A nawa aikin, ranar farko ba na taɓa injin kulorin ko kaɗan. Nakan kwashe ganye da yashin da guguwa ta zuba, in cika ruwa zuwa tsakiyar bakin da ke zuƙe datti, in wanke kwandon famfo, in duba robobin da ke hana yoyo domin zafi yana busar da su, in wanke matata, sannan in bar famfo yana juya ruwa kwana ɗaya cur kafin in ɗebi na gwaji, saboda ruwan da ya daɗe a tsaye na samansa da na ƙasansa ba ɗaya ba ne. Rana ta biyu ake gyara tsamin ruwa, wanda ake rubutawa pH a jikin kwalbar gwaji, a dawo da shi tsakanin 7.2 da 7.6. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to a masbah mai gishiri akasin haka ne ke damun mu, domin aikin haliyya yana sa awon ya riƙa hawa sama, kuma idan ya wuce 7.8 kulorin yakan yi rauni, ɓawo kuma ya taru da sauri. Bayan nan sai a zuba kulorin na ruwa mai yawa lokaci guda, da yamma bayan rana ta faɗi, a goge bango da buroshi. Mutane da yawa suna mamakin a ce an sayi kulorin domin masbah mai gishiri, amma injin an yi shi ne ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan domin riƙe ruwan da yake da tsabta, ba shi da ƙarfin da zai farfaɗo da ruwan da ya yi kore, kuma tilasta masa yin hakan yana cinye farantan da ya kamata su yi shekara uku zuwa bakwai.

Sai ruwa ya washe ake zancen gishiri. A nemi tsantsarsa, wanda ba a sa masa aidin ko maganin hana dunƙulewa ba, domin wasu daga cikin waɗannan suna barin tabo a jikin tayil. A watsa shi a gefen da ba shi da zurfi, a ture shi da buroshi har ya narke, kada a juye shi a bakin zuƙar datti, kuma a bar famfo ya juya shi sa'o'i 24 kafin a kunna injin. Akwai kuma sinadarin da ke kare kulorin daga rana, asid sayanurik, wanda a ƙasa irin wannan ba a yin sakaci da shi, domin idan babu shi rana tana cinye mafi yawan kulorin cikin 'yan sa'o'i. Masu ƙera injina da dama suna son miligiram 60 zuwa 80 a lita, amma shi ma kamar gishiri yake, idan ya yi yawa sai an zubar da ruwa. 'Yan uwanmu da ke aiki a Riyad da Ɗa'if su ƙara lura da cewa yawancin injinan nan suna rage aiki ko su tsaya idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan sanyi ma yana sa su nuna ƙarancin gishiri na ƙarya, don haka a farkon Maris fitila tana iya yin ja alhali babu abin da ya lalace.

Inda na fi jin tsoro shi ne ɗakin famfo. Yawancinsu ƙananan ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa, babu taga, kuma a nan ake jibge jarkar asid kusa da ta kulorin. Idan waɗannan biyu suka haɗu suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma na taɓa fito da wani abokin aiki daga irin wannan ɗaki yana tari hawaye na zuba, saboda ya auna asid da bokitin da aka auna kulorin da shi ba a ɗauraye ba. Wanke haliyya ma da asid ake yi, amma a waje, a inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, kashi ɗaya na asid a cikin aƙalla kashi huɗu na ruwa, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid. Ana tsoma farantan na 'yan mintoci har kumfa ta daina tashi, sannan a ɗauraye. Kada a kankare su da wuƙa ko sukundireba, domin siririn rufin da ke jikinsu shi ne ke yin aikin. Duk wanda ya shaƙi wannan iska ya fita fili nan take, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a lamba 997, kada tsoron faɗan maigida ya sa a ɓoye.

Masbah ɗin da aka bari a tsaye kuma matsalarsa ba ta tsaya a gidan mai shi ba. Jidda ta san zazzaɓin dengi tun 1994, kuma sauron da ke yaɗa shi yana hayayyafa ne a ruwan da ke tsaye a cikin gidaje, har da ɗan ruwan saman da ke taruwa a kan tamfol ɗin da aka rufe masbah da shi. Da masu wuraren za su yarda a riƙa kunna famfo na 'yan sa'o'i kullum a lokacin sanyi, da kuɗin wutar bai kai abin da suke kashewa wajen farfaɗo da ruwan ba.

Ga iyalan da za su kama istiraha a hutun Sallah, kalmar "ruwan gishiri ne" da dillali zai faɗa ba shaidar tsabta ba ce. Uba ya tsaya a bakin wurin ya duba: idan ba ya hango magudanar da ke ƙasa a wuri mafi zurfi, kada yaro ya shiga, domin ruwan da ya ɓoye magudana zai ɓoye yaron da ya nutse. Ya kuma nemi mai kula da wurin ya auna a gabansa, kulorin ya kasance tsakanin miligiram 1 da 3 a lita. Mu ma'aikata ba ma jin haushin wannan tambaya, hasali ma tana taimaka mana wajen shawo kan masu wuraren su sayi kayan awo.

Roƙona ga masu gidaje da istirahohi shi ne su sanar da ma'aikacinsu aƙalla kwana huɗu kafin ranar da suke so a shiga ruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan sun ba da umarni ta waya ba tare da awo ba, to asarar da ta biyo baya kada ta hau kan albashin wanda aka umarta. Shi kuwa matashin da na ambata, bana tun farkon wata ya aiko mini da hoton ma'auninsa yana nuna giram 3.1, ya tambaye ni ko ya ƙara buhu ɗaya, na ce masa ya bar shi haka, ya je ya kwance haliyya ya duba farantan.

Wassalam.

Naku,
Mai kula da masbah,
Abhur, Jidda.