Shirun da ke cikin minshari ya fi ƙarar haɗari

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana mata, musamman matan direbobi.

Maigidana direba ne, Jos zuwa Abuja yake yi, kullum sai ya gangara Hawan Kibo ya bi ta Akwanga. Minsharinsa kam har ɗakin yara ana ji, kuma shekara da shekaru na ɗauka gajiyar hanya ce kawai. Abin da ya fara tsorata ni shi ne shirun, yana cikin ja sai kaji tsit, ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga, ni kuma ina zaune ina ƙirgawa a raina har sai ya zabura da wani irin shaƙewa kamar wanda aka danna a ruwa, ya juya ya ci gaba da baccinsa. Da safe in na faɗa masa sai yace shi bai san an yi ba. A gida aka ce dannau ne, muka yi ta addu'a da tofi.

Ga ciwon kai da asuba, ga bushewar baki, ga fitsari sau uku sau huɗu kafin gari ya waye, ga gyangyaɗi ko ana cikin hira da shi. Hawan jini kuma kala uku na magani yake sha amma ya ƙi sauka. Ranar da na raka shi asibiti likitan ni ya kalla yace, "Hajiya, yana minshari? Numfashinsa na ɗaukewa?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Ashe ciwo ne mai suna, toshewar numfashi cikin bacci. In mutum ya yi bacci naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki su rufe hanyar iska, daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi don ya ja numfashi, zuciya ta buga da ƙarfi jini ya hau. In hakan na faruwa sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, in ya kai 30 ya tsananta. Ku lissafa dare guda nawa kenan. Shi ya sa yake da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. Ya fi kama maza da masu ƙiba da kaurin wuya, amma siriri ma yana samu, har yara masu kumburin maƙogwaro.

Ni abin da ke hana ni bacci shi ne mutum irin wannan riƙe da sitiyari da fasinja cike da mota, ya sha goro ya sha shayi yana ganin ya gyara, alhali rabonsa da bacci na gaskiya an yi shekaru.

Akwai magani. An yi masa gwajin bacci na dare ɗaya, aka rubuta masa na'urar CPAP, wadda wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Iska take hurawa ta wani abu da ake ɗaurawa a hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Gaskiya da tsada, sai da 'yan'uwa suka haɗa mana, kuma da yanayin wutarmu dole muka nemi sola da batir. Ya rage tuwon dare, yana kwanciya ta gefe ba rigingine ba, ya bar ƙwayar sa bacci don likita yace ƙara sakin maƙogwaron take. Yanzu da kansa yake tashi asuba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu, ku gayyato likitoci su duba mutanenku. Ke kuma 'yar'uwa, shi ba zai taɓa jin kansa ba, ki ɗauke shi a waya yana bacci ki nuna masa, nawa ma sai da ya ga bidiyon ya yarda. Edita don Allah ku sa likitan shafinku na lafiya ya rubuto mana asibitocin da ake wannan gwajin a Jos da Abuja da kuɗinsa, mu sai da muka sha yawo kafin muka samu.

Daga wata 'yar'uwa, Unguwar Rogo, Jos.