Rahoton kwamitin gyaran ofis da saka na'urar ajiya

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. Aikin da kuka ɗora mana na gyaran ofishin ƙungiya da ke nan Agege ya kammala, Alhamdulillahi. An sauya kwanon da ke yoyo, an sa sabon silin, an ɗaga daɓe saboda ruwan kwata da ke shigowa da damina, kafinta kuma ya buga kanta can sama inda na'urar ajiyar fayilolin kwamfuta za ta zauna nesa da laima. Rasit duk suna wajen ma'aji ga mai son dubawa.

Na'urar Synology ce irin ta gida mai faifai biyu, a Computer Village Ikeja muka sayo, an haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke sada ta da kwamfutoci, da kuma UPS, batirin da ke riƙe ta, saboda ɗaukewar wuta. Faifan an sa su a RAID 1, wato abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan, in guda ya mutu ba a rasa komai ba. Amma fa in mutum ya goge fayil to ya gogu a duka biyun, shi ya sa muka kunna kwandon shara a kowace folda, admin, wato mai kula da na'urar, shi kaɗai ke iya buɗe shi.

Inda muka fi shan muhawara shi ne waye zai ga me. Wasu suka ce a yi fasuwod ɗaya kowa ya riƙe, mu dai ba mu yarda ba, don a ciki akwai lissafin kuɗi da sunayen marayun da ake tallafawa, wannan kuwa amana ce. Kowa yanzu da akawun ɗinsa, akawun na baƙo mun rufe. Izinin kuma rukuni muka ba ba mutum ba, shugabanni daban, 'yan kuɗi daban, sauran membobi daban, gobe in an canja ma'aji sai a cire shi daga rukuni a sa sabo shikenan ba sai an bi folda folda ba. Izini iri uku ne, karantawa da rubutawa, karantawa kawai, sai hani gaba ɗaya. Foldar sanarwa da hotunan taro kowa zai karanta amma sakatare da mataimakinsa ne ke rubutu. Foldar kuɗi ma'aji da mai bincike ne ke rubutu, shugaba ya duba kawai.

A lura da wannan don Allah, hani ya fi ƙarfin komai. In kana rukuni biyu, ɗaya an buɗe masa ɗaya an hana shi, to hanin ne zai yi aiki, kar Alhaji ya ga folda ta ƙi buɗuwa ya ɗauka raini ne, a kira mu a gyara.

Tsohon SMB1, wato tsarin da kwamfutoci ke bi a da su buɗe fayilolin juna, mun bar shi a kashe, ta nan muguwar manhajar nan WannaCry ta yi ɓarna a 2017, don haka tsohuwar kwamfutar nan mai Windows XP ba za ta shiga ba, tunda da shi take aiki. Saura faifan waje na ajiye kwafi, shi ne ba mu saya ba tukuna. Masu karɓar fasuwod su same mu a ofis bayan sallar Juma'a, kowa ya zo da kansa, ba ma ba ɗan aike.