Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni amfanin jiragen rakiya

Assalamu alaikum. Ranar lacca ka miƙe a gaban jama'a ka ce, tun da B-17, jirgin Amurka mai jefa bam a Yaƙin Duniya na Biyu, yana ɗauke da mutum 10 da manyan bindigogi sama da 10, me zai yi da ɗan rakiya, wato ƙaramin jirgin yaƙi mai ba shi kariya? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na ce bari in rubuto maka.

Hafsoshin Amurka ma haka suka ɗauka da farko. A ganinsu, idan masu jefa bam suka jeru kusa da juna, wani na kare wani, ba mai iya kusantarsu ko da rana tsaka. Jamusawa kuwa sai suka riƙa zuwa musu gaba da gaba, ta inda bindigogin suka fi ƙaranci, wasu kuma su harbo rokoki daga nesa.

Ran 17 ga Agusta 1943, jirage 376 suka tashi zuwa Schweinfurt, garin masana'antun boris, da kuma Regensburg, duka a Jamus. Aka kakkaɓo 60. Ran 14 ga Oktoba aka koma Schweinfurt da 291, aka sake rasa 60, wato mutum kusan 600 a wuni guda. Akwai 'yan rakiya fa, jiragen P-47, amma mai ba ya kai su. Wajajen iyakar Jamus suke juyawa, kamar ayarin fatake da aka raka bakin daji aka ce su sauka lafiya. Jamusawa sun san haka, sai su jira.

P-51 Mustang, mai injin Merlin da ƙarin tankunan mai da ake yarwa idan faɗa ya taso, shi ya kai rakiya har Berlin.

Amma ni a wurina, shawarar Janar Doolittle, kwamandan wannan rundunar sama ta Amurka, a farkon 1944 ta fi jirgin nauyi. Ya sallami matuƙan rakiya daga manne wa masu bam, ya ce su yi gaba su farauci abokan gaba a sama da ƙasa. Ma'aikatan masu bam sun ji haushi ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba: ran 6 ga Maris, a harin Berlin, an rasa masu bam 69. Sai dai Jamus na asarar ƙwararrun matuƙa da ba ta iya maye gurbinsu. Kafin dakarun ƙawance su sauka Normandy ta Faransa ran 6 ga Yuni, rundunar saman Jamus ta riga ta jigata, jirage ƙalilan ta iya turawa.

Ka gaida abokan karatunka.

Malaminka.