A Ceto Kaset-Kaset Na Farkon Fitowa Da Ke Jibge A Gidajen Zariya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da mutanen da suka taɓa tsayawa a ƙofar shagon mai kaset, a Kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru, suna jiran a miƙo musu sabon kaset ɗin mawaƙin da suke ƙauna. Da yawansu yanzu dattawa ne, kaset-kaset ɗin kuma suna nan a ƙarƙashin gado, ko cikin kwali a saman sif, ana ganin kamar tarkace ne. Ba tarkace ba ne. A wurare da dama wannan kaset ɗin da aka saya a satin da ya fito ya fi duk abin da ke yawo a wayoyi yau kyawun sauti da cika, kuma yana lalacewa a hankali ba tare da mai shi ya sani ba.

Duk wanda ya yi zamanin ya san yadda abin yake. Ana fara jin waƙar ne a Rediyon Kaduna, ko direban mota ya shigo da ita daga Kano ko Funtuwa. Kafin kwana biyu mai kaset ya fito da lasifika bakin shago ya ƙure murya, ba ya buƙatar wani talla bayan wannan. Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya karɓa ya zura aljihu. Sai ya ce a saka masa. A ji farkon gefe na ɗaya, a tura gaba zuwa tsakiya a ji, a juya gefe na biyu, sannan a kai ƙarshe don a tabbata zare bai ƙare ba alhali mawaƙi yana tsakiyar baiti. Daga nan sai majalisa da yamma: rakoda a kan benci, sababbin batura shida ko takwas a cikinta, mai kaset ne kaɗai ke da ikon taɓa maɓalli. Wanda ya yi surutu a ɗan waƙa na farko sai an harare shi. Kafin a tashi wani ya riga ya haddace amshi, wani kuma ya fara roƙon a ba shi aro na kwana ɗaya, wanda mai hankali ba ya bayarwa.

Kafin kaset akwai faifan garmaho, wanda gefe ɗaya ba ya wuce minti uku da ɗoriya, sannan babban faifai mai cin wajen minti 20. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma da ya wadatu a nan sai ya yi daidai da waƙar Hausa fiye da faifai. Makaɗi irin Alhaji Mamman Shata ko Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba minti uku yake waƙa ba. Kaset mai lamba 60 yana ba da minti 30 a kowane gefe, mai lamba 90 yana ba da 45, don haka waƙa na iya zuwa da shimfiɗarta, da kirarin maroƙi, da gaisuwar da mawaƙi ke yi wa mutanen da ke wurin.

Ga dalilin da ya sa na farkon fitowa yake da daraja. Yawancin waƙoƙin gargajiya ba daga babban kamfani suke zuwa a rufe cikin leda ba. Wasu an ɗauke su a situdiyo, wasu a gidan rediyo, wasu a filin biki ko naɗin sarauta. Mai shago yana samun kaset guda mai kyau, shi ne uwa, daga jikinsa yake kwafa a kan sabon kaset ya sayar. Wani mai shagon a wani gari sai ya sayi wannan kwafin ya mai da shi tasa uwar, na gaba da shi ma ya yi haka. To kwafin kaset ba kamar tura waƙa daga waya zuwa waya ba ne. Kowane hawa ɗaya sai an yi asara: siririn sauti ya ragu, shuuu ɗin da ke ƙarƙashin waƙa ya ƙaru, duk wata rawar murya da rakodar farko ta haifar kuma ta bi ta haɗu da ta rakoda ta biyu. Idan aka yi kwafin da gudu biyu don a sallami masu jira, asarar ta fi yawa. Ita kanta uwar tana gajiya da yawan juyi. Abin da ke fara tafiya shi ne ainihin abin da mai sauraro yake nema: yadda kalangu ke matse murya ya sake ta har ka ji maganar da yake yi, da ƙarar tsarkiyar kukuma, da rarrabewar muryoyin 'yan amshi. A hawa na huɗu ko na biyar 'yan amshi sun dunƙule sun zama murya ɗaya mai kauri, kalangu ya koma kamar ana dukan kwali.

Mafi yawan abin da masu tura waƙa ke zubawa a memori daga irin waɗannan gajiyayyun kwafin aka ɗauko shi, aka kuma matse shi don kada ya ci wuri. Sau da yawa an yanke farko, inda ake faɗin wurin da aka yi wasan da wanda aka yi wa. Wani lokaci a liƙa wa waƙa sunan wani mawaƙin daban. Yaron da ya taso yau yana jin Ɗanmaraya Jos ko Barmani Coge a haka zai ɗauka haka muryarsu take, kuma wannan yana ba ni takaici ƙwarai.

Abubuwan da ke kashe kaset a Zariya sanannu ne. Zafin bazara a ɗaki mai rufin kwano yana lanƙwasa gidan kaset, ya sa zaren ya yi laushi. Laimar watan Agusta tana kawo funfuna, za ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen naɗin zaren ta cikin tagar kaset. Ƙurar hunturu tana shiga ta zama yashi tsakanin zare da hed, wato ɗan ƙarfen rakoda da ke karanta sauti daga jikin zaren. Gara da kyankyaso su kuma takardar suke ci, ita ce kuwa ke ɗauke da suna da hoto. Sai wanda mutane ba su cika lura da shi ba: ajiye kaset a kan lasifika. Akwai maganaɗisu a cikinta, waƙar kuma da maganaɗisu aka rubuta ta a jikin zaren, don haka tana dusashewa. Kaset a tsaye ake ajiye shi cikin gidansa, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da bango mai jiƙa.

Kada wanda ya tono nasa ya yi gaggawar cusa shi a rakoda. Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A fara duba saman kaset: akwai 'yan harsuna biyu na roba a kusurwoyi, a ɓalle su, don idan babu su maɓallin ɗauka ba zai danne ba, ba wanda zai shafe waƙa bisa kuskure. Sannan a leƙa tsakiyar bakin kaset, a bayan zaren. Akwai wata 'yar auduga mai kusurwa huɗu manne a kan siririn ƙarfe, aikinta ta danna zaren a jikin hed. Bayan shekara 30 ko 40 gam ɗinta yana bushewa ta faɗi. Idan babu ita sauti zai fito a toshe ko yana zuwa yana ɗaukewa, mutum ya ce waƙa ta mutu ya jefar, alhali ɗigon gam ɗaya ne maganin, ko a ciro wata daga kaset ɗin da ba a so. Daga nan a zura biro mai kusurwa shida a ramin, a juya da hannu a hankali. Idan ya yi tauri kada a tilasta. A buga kaset ɗin a kwance a kan tafin hannu sau biyu ko uku don naɗin ya daidaita. Idan ya ƙi, a sauya masa gida: a samo kaset mai sukuru biyar, a kwance, a ɗauke naɗin biyu tare a mayar can, a bi da zaren ta bayan 'yan tayoyin kusurwa kamar yadda na asalin yake, kada a manta da siraran ledojin nan biyu da ke shimfiɗe ciki, su ne ke sa naɗin ya zame. Kaset ɗin da aka manne ba sukuru sai an tsaga shi da wuƙa ta gefe, a yi a hankali. Mai funfuna kuwa a ware shi daban, a bar shi ya bushe a inuwa, a goge abin da ya gogu da busasshen ƙyalle mai laushi ana juyawa, kuma shi za a saka a ƙarshe, don yana barin datti a rakoda ya shafa wa sauran.

Idan zare ya tsinke, an saba ɗaurawa da jan farce ko salatif. Jan farce yana yin tauri ya karye, gam ɗin salatif kuma yana narkewa da zafi ya manne zagayen da ke kusa. Akwai salatif na musamman na haɗa zaren kaset, shi ya fi. A ɗora bakin biyu, a yanka su tare da reza a karkace, a haɗa baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a liƙa ta baya, wato gefen da ba ya taɓa hed, a datse abin da ya yi saura a gefe. Kaset mai lamba 120 a bi shi da lallami fiye da kowanne, zarensa ya fi siranta, shi ne rakoda ta fi taunewa.

Ita ma rakodar sai an duba ta, kuma a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Taunar zare daga wuri ɗaya take zuwa galibi: ƙaramar tayar roba da ke matse zaren a jikin siririyar sandar ƙarfe. Idan ta yi datti ko ta ƙandare, ko kuma abin da ke naɗe zaren ya daina ja, sai zare ya taru ya nannaɗe. A jiƙa audugar goge kunne da sifirit a goge hed da sandar har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa, a goge tayar sama-sama, a jira su bushe. Bel ɗin ciki idan ya saki murya za ta riƙa rawa, masu gyaran rediyo suna canza shi. Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma ko kaɗan ya kauce kunne zai ji: in ya yi sauri dattijo ya koma da muryar yaro, in batir ya yi sanyi kiɗa ya ja ƙafa. Abu na ƙarshe shi ne ɗan sukurun da ke gefen hed. Rakodar da aka kwafi kaset da ita wataƙila hed ɗinta a ɗan karkace yake, to sai an karkata naka ya yi daidai da shi. A saka kaset, a sa ƙaramin sukundireba a juya kaɗan-kaɗan hagu da dama ana sauraro. Akwai inda za a kai sauti ya buɗe tar, kamar an cire auduga daga kunne. A tsaya nan. Kowane kaset da nasa wurin.

Wajen juyawa zuwa kwamfuta, kada a kanga waya a bakin lasifika, za ta kwashi kukan kaji da ƙarar babur. A haɗa igiyar sauti daga ramin fitar da sauti na rakoda zuwa ƙaramin akwatin sauti mai USB. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A saita ingancin ɗaukar sautinta a 44,100 da bit 16, a rage ƙarfi yadda inda kiɗa ya fi tashi ba zai kai jan layin ma'aunin sauti ba, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. In da hali a yi aikin da batir, rakoda da kwamfuta duka, saboda wutar janareto tana sa gurnani a ƙarƙashin waƙa. A ɗauki kowane gefe daga farko har ƙarshe ba yanka, har da maganganun da ake ganin ba waƙa ba ne. A adana shi a WAV, wato tsarin da ba ya matse sauti, minti ɗaya yana cin wajen megabayit 10, kaset mai lamba 60 kuma ɗan sama da 600. Daga jikin wannan ake fitar da MP3 na saurare a waya, shi kuwa na asalin a ajiye shi wuri biyu daban. Kada a matsa wajen cire shuuu ɗin nan da manhaja, tana tafiya da siririn sautin da aka sha wahalar cetowa. A ɗauki hoton takardar gaba da baya, a rubuta sunan mawaƙi, da inda aka saya, da shekarar idan ana tunawa, da wanda aka yi wa waƙar. Dattijon da ya saya shi ne ya san waɗannan, a tambaye shi tun yana nan. Kaset ɗin kuma kada a jefar bayan an juye.

Ina kira ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta karrama Shata da digirin girmamawa tun yana raye, wadda kuma take da sashen nazarin harsunan Afirka da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da Arewa House a Kaduna, ta ware tebur guda da rakoda biyu masu lafiya da ɗalibai biyu ko uku da aka koya wa aikin. A sanar a rediyo cewa mai tsohon kaset ya kawo, a juye masa, a mayar masa da abinsa tare da kwafi a memori, jami'a ta riƙe ɗaya. A haɗa da na sha'irai da na karatun malamai, su ma a kaset suke kuma ciwo ɗaya ke cin su. Duk abin da za a saka a intanet don neman kuɗi kuwa, a nemi iyalan mawaƙin tukuna, da na makaɗansa da 'yan amshinsa, domin da yawansu suna raye kuma haƙƙinsu ne.

Na gode da wannan fili.

Wassalam.

Daga wani mai gyaran rediyo da rakoda,
Sabon Gari, Zariya.