Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Bauchi Kan Bitar Cututtukan Sanyi Da Ake Yi Wa Ma'aikatan Asibiti

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Bauchi,
Fadar Sarki, Bauchi.
Ta hannun Mai Girma Hakiminmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya riƙa da hannayenka a kan karagar Malam Yakubu.

Mu ne 'yan kwamitin da ke sa ido kan ƙaramin asibitin gundumarmu, tare da limamanmu, da ungozomomin gargajiya, da wakilan mata da na matasa. Mun daɗe muna juya wannan magana a tsakaninmu kafin mu yarda mu sa ta a takarda, domin ba irin wadda aka saba faɗa a gaban manya ba ce. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk kalmar da ta yi nauyi, Sarki ya yi mana afuwa.

Kokenmu a kan bitar da ake yi wa ma'aikatan lafiya ne game da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa: ciwon sanyi, tunjere, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da dangoginsu. Ana yin bitar, ba mu musa ba. Mukan ga an ɗauke malamin asibitinmu ko nas ɗin da ke yi wa mata awo, kwana uku ko biyar, a kai su ɗakin taron otel, su dawo da jaka da riga da takardar shaida. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne wani ya biyo sawu bayan wata uku ko shida, ya ja kujera ya zauna a gefe, ya ga ko abin da aka koyar ya shiga ɗakin ganin marasa lafiya ko kuwa a otel ɗin aka baro shi. Idan aka tambaya sai a ce an horar da mutum kaza. Ranka ya daɗe, mu ba yawan waɗanda suka zauna muke tambaya ba. Muna tambayar abin da matanmu ke tararwa in sun je.

Bari mu fara da abin da ya fi ci mana rai, wato tunjere ga mai ciki. Wannan cuta takan yi lamo a jiki shekara da shekaru, mai ita ba ta jin komai, gyambon farko ma ba ya zafi kuma yakan warke da kansa. Amma tana ratsa mahaifa ta kama ɗa. Sai ɓari, ko a haifi ɗa ba rai, ko ya zo ya yi 'yan kwanaki ya koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, jariran da suka zo ba rai ko suka rasu suna sabbin haihuwa saboda tunjere sun haura 200,000, kuma in aka cire zazzaɓin cizon sauro, ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke kashe ɗa a ciki alhali ana iya hanawa. Abin takaicin, gano ta ba wuya. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin kamar minti ashirin an ga sakamako, har akwai ɗan tsinken gwajin da ke duba ƙanjamau da tunjere a lokaci guda. Maganinta allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, wadda ma'aikata ke kira benzatin: ɗaya idan cutar sabuwa ce, uku mako-mako idan ta daɗe ko ba a san yaushe aka ɗauka ba. Duk wanda ya halarci bita ya ji wannan. Amma ungozomominmu sun duba katin awon matan da suke rakawa, sai su ga gurbin gwajin ƙanjamau a cike, na tunjere wayam. Akwai baiwar Allah a cikinmu da ta yi ta haihuwar 'ya'ya ba rai, dangin miji na cewa iska ce, ana ta hayaƙi da rubutu, sai da wani ɗan'uwanta ya kai ta babban asibiti aka gano. Ta je awo a nan kusa, ba sau ɗaya ba. Ko ba a koya wa ma'aikacin ba ne, ko ya manta, ko kayan gwajin ne babu, ko tsoron yin allurar yake, mu dai ba wanda ya zo ya bincika balle ya gaya mana.

Sai kalmar "sanyi" kanta, wadda ta zama buhun da ake zuba komai a ciki. Mace ta zo da ƙaiƙayi ko fitar ruwa, kafin ta gama bayani an ce sanyi ne, an rubuta kafso. A ƙananan asibitoci inda babu ɗakin gwaji, tsarin da ake koyarwa shi ne a bi alamomi: a yi tambayoyi, a duba, a bi taswirar da ke nuna wane magani ya dace da wace alama. Tsarin yana da amfani, musamman ga namiji mai fitar mugunya ko mai gyambo a gaba. Ga mata kuwa sai an yi hattara, domin yawancin fitar ruwa ba ta saduwa ake ɗaukarta ba, sau da yawa canjin ƙwayoyin halittar da ke zaune a gaban mace ne kawai. A ɗaya gefen kuma, mata da yawa masu ainihin ciwon sanyi ba sa ganin alamar komai har sai ya haura ya toshe hanyar ƙwai, a wayi gari haihuwa ta tsaya ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Ma'aikacin da bai ƙware ba yakan yi ɓarna ta fuska biyu. Ya ce wa matar da ba ta ɗauki komai daga kowa ba "mijinki ne ya sa miki", aure ya girgiza. Ko kuma, don gudun rigima, ya ce wa wadda ta ɗauka da gaske "a banɗaki kika samo", ita kaɗai ta sha magani, maigida bai sha ba, abokiyar zama ba ta sha ba. Bayan wata guda cuta ta dawo, a ce maganin asibiti ba ya ci, a koma wurin masu lasifika a bayan mota ranar kasuwa.

Ranka ya daɗe, a nan gizo ke saƙa. Yadda za a gaya wa magidanci mai mata biyu ko uku cewa gidan gaba ɗaya sai an yi magani tare, kuma a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai, ba tare da an tona asirin kowa ko an ɗora wa wata laifi ba, wannan ba abin da ake gane wa a jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ba ne. Amma da irin wannan jarrabawar ake auna bita: a ba su tambayoyi ranar farko, a sake ba su ranar ƙarshe, maki ya ƙaru, a tafa, a ɗauki hoto. Wanda aka gaya wa abu jiya ai zai tuna yau. Hadda daban, aiki da ita daban, kowane malamin allo ya san haka.

Ga kuma maganar sirri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, kuma a 2014 ɗin ne aka yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau. Amma a asibitin da labule kaɗai ya raba mai ganin likita da masu jiran layi, kuma mai ba da kati maƙwabcinka ne, doka ba ta hana murya fita. Matasanmu sun faɗa mana ƙarara cewa gara su je kemis da dare su sayi kafso huɗu. Wasu kuma sun ce wa'azi ake fara yi musu kafin a tambaye su abin da ke damunsu. Ba mu ƙi wa'azi ba, limamai na cikin masu wannan takarda, kuma su ne suka ce a rubuta cewa mumbari yana nan, asibiti wurin magani ne. Kafso huɗun nan kuwa ba a kan mai shan su kaɗai suke tsayawa ba. Ƙwayar cutar sanyi ta riga ta gagari magunguna da dama saboda irin wannan shan rabi-da-rabi. Sifro da aka dogara da ita shekarun baya ta daina yi mata aiki a wurare da yawa, shi ya sa aka koma allurar seftiriyazon. Wanda aka yi wa bita tun tuni ba a sabunta masa ba, yana nan yana rubuta tsohon magani da zuciya ɗaya.

Kada Sarki ya ɗauka ƙarar ma'aikata muka kawo. 'Ya'yanmu ne, wasu mu muka kai su makarantar koyon aikin lafiya ta Ningi da hannunmu. Mun ga mutum ɗaya yana awo, yana rigakafi, yana karɓar haihuwa, yana cike rajista biyar. Idan an koya masa gwaji aka dawo da shi ba kayan gwaji, laifin wa? Mun kuma ga an yi wa mutum bita wannan wata, wata mai zuwa an yi masa canjin wurin aiki, ilimin ya bi shi. Akan ce wanda ya je zai dawo ya koyar da sauran, amma sau da yawa koyarwar ba ta wuce "an gode Allah, mun dawo lafiya" ba. Akwai ma raɗe-raɗin cewa saboda alawus, sunayen da ake turawa ba kullum ne na masu ganin marasa lafiya ba. Bin sawu ne kaɗai zai raba mana wanda bai iya ba da wanda ya iya amma aka ɗaure masa hannu.

Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwar zuwa fada shi ne abin da muka gani da idonmu a yaƙi da shan-inna. Lokacin ba a tsaya ga cewa an horar da masu ɗiga magani ba. Ana shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a yi alama da alli a bangon gida, sannan wasu daban, waɗanda ba su cikin ayarin, su biyo baya gida-gida suna duba yatsun yara. Unguwar da ta gaza, a sake ta. Masu unguwanni da dagatai da hakimai suna kai rahoto har gaban sarakuna. Da haka aka kai ga watan Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Waccan bin sawun muke roƙo a yi wa wannan bita, da irin lulluɓin da ya dace da ita.

Don haka muna roƙon Mai Martaba, a matsayinsa na uban ƙasa, ya gayyaci Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha, da hukumar BACATMA mai yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da kuturta da zazzaɓin cizon sauro, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a zauna a tsayar da ƙa'ida: duk wanda zai shirya irin wannan bita a ƙasar Bauchi, gwamnati ce ko ƙungiya, ya ware kuɗin bin sawu tun a cikin kasafinsa. Kuma kada mai koyarwa ya zama shi ne mai auna kansa. Akwai ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da malaman makarantun jinya da za su iya.

Masu binciken su buɗe rajistar awo su ƙirga: cikin matan da suka zo, nawa aka yi wa gwajin tunjere a zuwan farko, nawa aka samu da ita, nawa aka yi wa allura, mazan nawa suka zo. Su leƙa ma'ajiyar magani su ga kwana nawa aka yi babu kayan gwaji ko benzatin. Su zauna, da izinin majinyaci, su ji yadda ake tambaya da yadda ake ba da shawara. Akwai wata dabara da masu bincike ke amfani da ita a ƙasashe da dama, wato a horar da mutum ya je kamar marar lafiya ya faɗi alamomin da aka tsara masa, ya dawo ya ba da labarin yadda aka karɓe shi. Mun yarda da ita, da sharaɗin a sanar da ma'aikata tun farko cewa za a riƙa yi, kuma sakamakon ya zama na gyara, kada ya zama sandar korar wani. Su kuma jarraba abubuwan da jinkiri ke ɓatawa: shin ma'aikaci ya san yarinyar da aka yi wa fyaɗe dole ta fara maganin kariya daga ƙanjamau kafin awa 72 su cika, ta sha kwana 28? Shin jariri na samun rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, da man ido da ke kare shi daga makantar da sanyin uwa ke jawowa? Shin zai iya yi wa uba bayanin rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, wanda Bauchi na cikin jihohin farko, har uban ya gamsu?

Muna roƙon a haɗa da masu kemis, domin gaskiya ita ce su ne asibitin farko na mafi yawan masu wannan lalura. A kuma bar wanda aka horar ya yi ko da shekara guda a wurinsa kafin a ɗauke shi.

Na ƙarshe, a riƙa karanta mana sakamakon da Hausa a zaman kwamiti, a gaban dagaci, ba tare da sunan majinyaci ko ɗaya ba, kofi kuma ya zo fada ta hannun Hakimi. Mu ma akwai namu nauyin. Limamanmu sun yi alkawarin jan hankalin magidanta su riƙa amsa kiran asibiti idan an aiko da takarda ta hannun iyalinsu, ungozomomi za su riƙa duba katin awo su mayar da duk wadda ba a yi wa gwaji ba, kwamiti kuma ya ɗauki nauyin sa ƙofa a ɗakin ganin marasa lafiya a madadin labulen nan.

Duk ranar da fada ta ga dama, a shirye muke mu zo mu yi bayani baki da baki. Matan da abin ya shafa sun ce za su yi magana, amma a gaban mata 'yan'uwansu.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya zaunar da ƙasarka lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,

Shugaban kwamitin lafiya na gunduma
Sakataren kwamiti
Wakilin limamai
Shugabar ungozomomin gargajiya
Wakiliyar mata
Wakilin matasa