Zuwa ga Malamin da Ya Tambaye Mu Batun Sifirin ɗin Gaba na Mota Mai Ɗaki

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayarka ta iso mu, kuma tun da a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a za mu amsa. Ka ce kana zaune a Jamus, ka sayi mota mai ɗaki, wato motar da ake kwana da girki a cikinta, da aka gina kan Fiat Ducato ƙirar 2015, irin wadda aka cire mata kan asali aka yi mata sabon gaba mai faffaɗan gilashi, da gado a saman direba. Ka ce goshinta ya sunkuya, in ta hau tudun rage gudu sai ka ji "gum" daga ƙasa, kuma mai sayar da kayan gyara ya nuna maka sifirin iri biyu, mai ƙarfi da wanda ya fi shi. Shi ne kake tambaya ko ka ɗauki mafi ƙarfin kawai ka huta.

Kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. Ka fara kai motar sikeli. Nauyin da ke kan tayoyin gaba shi zai zaɓa maka sifirin, ba mai shago ba, ba mu ba.

Bari mu fara da abin da ya sunkuyar da ita. Ducato motar dako ce. Ana ƙera ta a masana'antar da ke Atessa a Italiya, tare da 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, kuma tsohuwar J5 da muka sani tana jigilar tumatir da albasa daga Arewa zuwa Kudu kakarsu ce. An yi mata sifirin ne da tunanin za a loda ta da safe a sauke da yamma. Mota mai ɗaki kuwa ba ta sauke kayanta. Gado, kabad, firji, batura, tukunyar gas, duk suna kanta dare da rana, shekara da shekaru, har lokacin da take ajiye cikin hunturu. A irin taka ma abin ya fi tsanani, domin gilashin nan da gadon sama da kujeru masu juyawa duk kan aksil ɗin gaba, wato tayoyin gaba biyu da abin da ke riƙe su, suke zaune. Ƙafar gaba a Ducato sifirin ne mai naɗi da ya zagaye shok-abzoba, a jikin sandar shok ɗin kuma akwai wata roba da ke tare shi in ya nutse ƙarshe. Idan nauyi ya cinye tazarar da ke tsakani, motar kusan kan robar take tafiya. Ƙarar da kake ji ke nan.

To, awon. Ka loda motar yadda kake tafiya da ita da gaske, ba yadda take a ƙofar gida ba. Cika tankin mai: lita 90 na dizal ya kai kilo 75. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ka zuba gwargwadon abin da ka saba ɗauka. Tukunyar gas ta ƙarfe mai cin kilo 11 tana haura kilo 20 in ta cika. Iyali kowa ya zauna a kujerarsa, kai ma kada ka sauko lokacin awo, domin nauyin direba da na kusa da shi galibinsa gaba yake tafiya. Sikelin awon motoci ana samunsa a wuraren sayen tsofaffin ƙarafa, da ma'ajiyar hatsi, da wuraren karɓar shara. A auna sau uku: tayoyin gaba kaɗai, motar gaba ɗaya, sannan tayoyin baya kaɗai. Na gaba da na baya in an haɗa su ya kamata su zo kusa da na gaba ɗaya. Manyan sikeli da yawa ashirin-ashirin suke ƙirga kilo, saboda haka ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne, amma in ya yi yawa ƙasar wurin ba a shafe take ba, a sake.

Daga nan ka nemi farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar casis. Lamba huɗu za ka gani a jere: iyakar nauyin motar, iyakarta da tirela, sai mai alamar 1 wato aksil ɗin gaba, da mai alamar 2 na baya. Mota mai ɗaki takan zo da faranti biyu ko uku, na Fiat, na kamfanin AL-KO mai ƙera casis in nasu ne a baya, da na kamfanin da ya gina ɗakin. Na ƙarshen shi ne ke aiki. Ducato kashi biyu ce. Ƙaramin casis yawanci kilo 1,850 ne a gaba, 2,000 a baya. Babban, wanda ake kira Maxi, 2,100 a gaba, 2,400 a baya. Sifirin ɗin ɗaya ba ya zama na ɗayan, don haka lambar casis za ka ba mai shago, ba sunan motar ba. Kuma ka lura, 1,850 da 2,000 sun ba da 3,850, amma in farantin ya ce 3,500 to 3,500 ne, ba a cika aksil biyun duka lokaci guda.

Ga wani abu da mutane ke mantawa, kuma yana iya juya lissafin gaba ɗaya. Duk kayan da aka ɗora bayan tayoyin baya yana ɗaga gaba ne, kamar lilon katako na yara. A ce tazarar tayoyin gaba da na baya mita 4.035 ce, wadda ita ce doguwar Ducato, ka rataya ƙaramin babur da mariƙinsa, kilo 150, mita 2 bayan aksil ɗin baya. Gaba zai rasa kusan kilo 74, baya ya ƙaru da kusan 224. Idan wani lokaci da babur kake fita wani lokaci babu, ka yi awon iri biyu. Sifirin ɗin da ya dace sai ya yi aiki a duka biyun.

Yanzu ga sifirin ɗin kansa. Abu biyu ne ke bambanta wanda aka ƙarfafa da na asali: tsawo da tauri. Tauri yana fitowa daga kaurin ƙarfen, faɗin naɗin, da yawan naɗin. Kaurin ƙarfen shi ne mai babbar magana, domin sau huɗu yake ninka kansa a lissafi: daga milimita 15 zuwa 16 kawai, in sauran ba su canza ba, tauri ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin ɗari. Shi ya sa ido ba ya zaɓen sifirin. Biyu za ka gani a kan tebur kamar tagwaye, a ƙarƙashin mota kuwa sama da ƙasa. Ɗauki misali: sifirin da ke nutsewa santimita ɗaya a kowane kilo 60, in aka ƙara masa kilo 150 zai sauka santimita biyu da rabi. Mai tsawo zai mayar da motar sama, amma zai ci gaba da nutsewa haka in an ƙara kaya. Mai tauri ba zai nutse sosai ba, sai dai bayanka zai ji kowane tsagin titi. Kamfanonin da suka ƙware a wannan, irin su Goldschmitt a Jamus da VB-Airsuspension da MAD a Holan, suna haɗa biyun, kuma suna rarraba sifirin ɗinsu gwargwadon nauyin aksil ɗin gaba. Ka kai musu takardar sikeli, su ba ka wanda nauyinka ya faɗa cikin zangonsa. Ɗagawar da ake samu yawanci santimita 3 zuwa 5 ce, ya danganta da nauyin da kuma yadda tsohon ya gaji.

Mafi ƙarfin da kake hari, ga abin da zai yi in nauyinka bai kai nasa ba. Motar za ta miƙe fiye da ƙima, shok ɗin ya kusa ƙarewa ta sama. Taya tana bukatar wurin sauka kamar yadda take bukatar wurin hawa. In ta faɗa rami babu sauran tsawon da za ta bi shi, sai ka ji wata ƙarar, wannan karon ta bugun shok a ƙarshensa. Ducato da gaba take ja, saboda haka tayar da ba ta manne ƙasa da kyau tana sulɓi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ko a hawa, kuma birki na ƙara nisa a hanya mai gargada. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri, maiƙo ya fita, sai ƙas-ƙas a kwana. Kwanukan cikin kabad kuwa ba a magana. Dabarar nan ta tashar mota, a ƙara wa bas fallen sifirin a ce ta yi ƙarfi, a baya ake yin ta kan motar da kullum a danƙare take. Ba ta da wuri a gaban motarka.

Kafin ka biya kuɗi, a tabbatar sifirin ne ke ciwo. A fili shafaffe, ka auna da tef daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke saman taya, hagu da dama, ka rubuta. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sauka da fiye da santimita guda, a leƙa naɗin ƙasa, nan ne gishirin da ake watsawa kan titi da sanyi ke cin ƙarfe har ya karye, guntun kuma ya maƙale a mazauninsa ba a gani. Shok mai tsiyayar mai, ko wanda motar ke ta rausaya bayan an wuce tudu, ya mutu, kuma sabon sifirin mai tauri a kan mataccen shok ya fi tsohon muni. Mu dai shawararmu, a motar 2015 da ba a taɓa canza mata shok ba, a canza tare. Kuɗin aikin ɗaya ne, tun da dole a ciro shi. Haka boris ɗin saman shok, wanda ke ƙara in ana murza sitiyari a tsaye, da robar tarewa, da 'yan sandunan da ke haɗa shok da ƙarfen hana tangaɗi. Sai iskar taya. Tayoyin mota mai ɗaki masu alamar CP ana hura su har ma'aunin iska ya nuna bar 5 zuwa 5.5, kuma sau da yawa rabin jijjigar da ake ɗora wa sifirin daga nan take. Kamfanin tayar yana da jadawalin iska gwargwadon nauyin aksil, takardar sikelin nan za ta sake yi maka amfani.

Aikin ɗaurawa ba na ƙofar gida ba ne. Sifirin ɗin da ke ɗaukar kusan tan guda, in ya kuɓuce daga matsewa yana karya hannu, yana iya kisa, kuma 'yan ƙugiyoyin da ake matse na ƙananan motoci da su ba su isa ba. A kai garejin da ke da injin matsewa na tsaye. Biyun ake canzawa tare, ko da ɗaya ne ya karye. Notinan saman shok a wannan ƙirar ta cikin mota ake kai musu, ƙarƙashin dashbod, kuma a irin taka da aka sake wa gaba wurin kan yi matsi, don haka ka tambayi kuɗin aiki tun farko. A duba ƙarshen naɗin ya zauna daidai a gurbinsa. Duk notin da ya ratsa bushin ɗin roba, sai motar ta sauka kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba robar na murɗe tun ranar farko. Notin taya yana da ma'auninsa a littafin motar, a sake duba shi bayan kilomita 50.

Bayan an gama, saitin ƙafa wajibi ne, domin ɗaga gaba yana canza yadda tayoyin ke fuskantar juna, in aka bari gefen taya zai cinye cikin 'yan dubban kilomita. A saita fitilun gaba, yanzu sama suke haskawa cikin idon mai tahowa. Ka sake auna tsayin motar ka manna a gaban direba saboda gada da ƙofar gareji. Sabon sifirin kan ɗan zauna bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, sai ka maimaita awon tef ɗin ka gwada da na farko. Za ka ga ribar a inda ka ajiye motar don kwana ma: ruwan wanka zai bi magudanarsa, firjin gas kuma, da ba ya son karkata, zai fi sanyi.

Saura batun takarda, kuma nan ne muke so ka buɗe kunne. Sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan lambar da ke farantin. In sikeli ya nuna gabanka ya haura 1,850 alhali farantin 1,850 ya ce, ka yi lodi fiye da ƙa'ida, ko da motar ta miƙe tsaf. Ko dai ka rage kaya, ka mayar da masu nauyi baya, ko ka nemi a ɗaga maka iyakar a hukumance, wanda ke bukatar takardar kamfanin sifirin, duba daga TÜV ko DEKRA, masu duba lafiyar motoci a Jamus, da gyara a takardun mota. A nan za a duba taya ma: mai lambar ɗaukar kaya 109 kilo 1,030 take ɗauka, biyu 2,060, mai 116 kuma 1,250. In ɗagawar ta kai jimillar motar sama da 3,500, lasisin tuƙi na B, wato na ƙananan motoci, bai isa ba, sai na C1, sai dai in kana da tsohon lasisin Jamus na kafin 1999 da ya ba da dama har tan 7.5. Ko ba ka taɓa iyakar ba, kada ka sayi sifirin da bai zo da takardar amincewa ta motarka ba, ka tambaya ko irin wadda ake ajiyewa cikin mota ce ko wadda sai an kai an duba an shigar. Ka kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce.

Idan ka yi awon, ka turo mana lambobi ukun nan na sikeli, da na farantin, da awon tef na hagu da dama, da girman tayarka. Da su za mu faɗa maka wanne cikin biyun da aka nuna maka ya dace, ko kuma babu ko ɗaya.

Wassalam.

Daga 'yan uwanka, makanikan ƙafar mota.