Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin ya sake yankar fom

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce mini mutanenka sun fara zarya a gidanka, suna zuga ka ka sake neman kujerar Majalisar Dokokin Jiha. Ba zan hana ka ba. Amma sau biyu ke nan kana faɗuwa, na farko a zaɓen fid da gwani, na biyu a babban zaɓe, kuma har yau ba abin da ke fita bakinka sai "maguɗi aka yi mini". Wataƙila an yi. Ka nuna mini rumfar da aka yi shi, a takarda.

Faɗuwar farko lissafi ce ta kayar da kai. Sakkwato na da mazaɓu 244 da kujerun majalisa 30, ka ga in an raba daidai, kowace kujera mazaɓu takwas ne ko kusa da haka, kuma inda aka raba ƙaramar hukuma biyu, kamar Gada ko Gwadabawa ko Tambuwal, ba su ma kai haka ba. A lokacin dokar zaɓe ta 2022, in jam'iyya ta bi tsarin daliget, fid da gwani yana hannun daliget ɗin da aka zaɓa a mazaɓu kawai. In jam'iyya ta ce biyar-biyar, mutum arba'in ne za su yanke hukunci. In uku-uku ne, ashirin da huɗu. Kai kuwa ka zuba kuɗinka a fosta da makaɗa, abokin hamayyarka yana can yana rubuta sunayen waɗanda za su zama daliget tun ranar taron mazaɓa. A ranar aka gama da kai. Doka kan canza, don haka ka sa lauya ya karanta maka wadda ake aiki da ita da ƙa'idojin jam'iyya tun da wuri. Kuma in an zalunce ka a fid da gwani, kwana 14 kawai gare ka ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya.

Ta biyun ita ce ta fi ba ni haushi, don a rumfa aka bar ta. Takardar sakamakon rumfa, fom EC8A, ita ce zaɓen. Ejan ɗinka ya zama ɗan unguwar, mai rajista a wannan rumfa, wanda ya iya karatu da lissafi, ba yaron da aka ɗauko daga majalisar shayi da safe ba. Ya ga an nuna akwati ba komai ciki. Ya tsaya har a gama ƙirga. Ya dubi adadin da na'urar BVAS ta tantance ya gwada da ƙuri'un da aka jefa, domin in ƙuri'u suka fi waɗanda aka tantance, soke rumfar za a yi, ko da kai ne ka cinye ta. Ya duba lamba da harafi sun yi daidai, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto ya turo nan take. Ka ba shi abinci da ruwa da katin waya da abin cajin waya, kada yunwa ta kai shi wurin tuwon wasu. Kuɗinsa kuma rabi da safe, rabi sai ya miƙa maka takarda a hannu.

Daga nan sai cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake kwashe alƙaluma zuwa fom EC8B. Da dare ake yin wannan aiki, mutane sun gaji, fitila ba ta da ƙarfi, nan ne 81 ke komawa 18. Mutuminka mafi taurin kai za ka ajiye a can, da tocila da kwafin kowace rumfa.

Kada ka raina lalatattun ƙuri'u. Rana ɗaya ake zaɓenku da na gwamna, takardu biyu ake miƙa wa mutum, tsohuwa ta dangwala daidai, ta naɗe takarda tawada ta taɓa wani gida, shi ke nan. Ka sa mata su shiga gida-gida suna koyar da dangwale da naɗewa. Ka tuna a 2019 ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, a jiha guda, bayan zaɓen cike gurbi. To, ina ga kujera mai mazaɓu takwas?

Kotu kuwa, kwana 21 gare ka ka shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kotun zaɓe ta yanke cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara shari'ar ɗan majalisar jiha ke tsayawa. Alƙali ba ya jin "kowa ya gani". Takardun da INEC ta buga wa hatimi yake so, da shaidar wanda ya tsaya a rumfar. Da ba ka je ba wancan karon, ka yi daidai, don ba ka da su.

Dokar 2022, a lokacinta, ta ƙayyade wa mai neman wannan kujera kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Kai ka yi wa kanka iyaka ƙasa da haka, kuma gonar fadama ba ta cikin lissafi, ta ƙannenka ce tare da kai. Yaran da ake ba ƙwaya su bi mota da sanduna, kada in ji ko ɗaya a tafiyarka. Ɗan wani ne, kuma Allah zai tambaye ka.

Ka fara biyan mai buga fosta da masu motocin da har yanzu suke bin ka. Sannan ka nemi sakamakon zaɓen da ya wuce rumfa-rumfa, ka ware inda ka ci, inda ka faɗi da ƙasa da ƙuri'a 30, da inda ba ka da ejan sam. Ka zo da shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kai kaɗai, mu duba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Mahaifinka